Wai ina ɗaukar miliyan ɗaya a wata a Tailan, to ku zo mu yi lissafin tare

Satin da ya wuce ƙanina ya turo min saƙon murya har na minti huɗu, wai a majalisarsu aka ce Yayansa na ɗaukar miliyan ɗaya duk wata a ƙasar waje, shi kuma yana nan yana gararamba da digiri a hannu, "Yaya dan Allah ka nemo min hanya ni ma, ko sharar makarantar ce zan yi." Dariya na yi da farko, daga baya kuma abin ya tsaya min a rai, domin ba shi kaɗai ba ne, tun da na sa hotona da 'yan ajin da nake koya wa Turanci a nan Tailan a Facebook saƙonni ba su tsaya ba, kowa tambayarsa ɗaya, nawa ake biya. To nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Maganar miliyan ɗin ba ƙarya ba ce gaba ɗaya fa. Albashina yanzu bat 22,000 ne, bat shi ne kuɗin Tailan, kuma a canjin 'yan kwanakin nan bat ɗaya wajen naira 45 yake, ka danna kalkuleta za ka ga 990,000. Ni ma haka na yi a 2022 ina zaune a ofishin malamai na wata makarantar kuɗi a Kaduna inda ake biyana naira 45,000, shi ma sai wata ya yi kwana goma ake jin alat. Lokacin an ce min bat 20,000, bat ɗaya kuma wajen naira 20 a kasuwar bayan fage, na ga 400,000, wallahi ranar ban iya koyar da darasin ƙarshe da kyau ba, har na fara zaɓar unguwar da zan sayi fili. Hangen Dala kenan.

Kafin ka taɓa bat ko ɗaya sai ka zubar da naira tukunna. Takardun digiri sai an kai ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja an buga musu hatimi, ga takardar 'yan sanda ta shaidar ba ka da laifi, ga ta NDLEA wadda ake nema daga ɗan Najeriya mai neman bizar Tailan, ga katin rigakafin shawara, kowanne da kuɗinsa da kuɗin motar zuwa da na kwana. Sai tikiti, na bi Ethiopian daga Kano zuwa Addis Ababa daga can zuwa Bankok. Da kuɗin guzuri da komai na haura naira miliyan ɗaya, babur ɗina na sayar, Kawu ya ranta min sauran, kuma har yau in na tuna yadda yace "ka je Allah ya tsare, in ka samu ka biya" sai in ji nauyi, ai gara mutum ya sa maka wa'adi. Daga Bankok zuwa Hatyai a kudu tafiyar ta kusa kilomita 950, kamar Kano zuwa Ikko, a jirgin ƙasa na kwana. Na zaɓi kudu da gangan saboda Musulmi sun fi yawa a nan, jihar Songkila inda nake akwai su sosai, in ka ƙara gaba Fattani da Yala da Naratiwat kuwa su ne mafi rinjaye, kiran sallah kamar kana gida, sai dai can akwai rikicin da ya sake tashi tun 2004 da shingayen sojoji a hanya.

Ina sauka aka ce ɗaki sai na biya wata ɗaya gaba da ajiyar wata biyu, bat 12,000 ya tafi a wuni ɗaya, albashi kuma sai ƙarshen wata. Babu wanda ya gaya min wannan.

Abin da ya fi ƙona min rai a watan farko ba kuɗin ɗaki ba ne. Ta hannun ejan na shigo, kamfani ne da yake ɗaukar kwangilar samar wa makarantun gwamnati malaman waje, makaranta ta biya shi shi kuma ya biya mu, nawa yake yanka a tsakani Allah kaɗai ya sani sai shi. Ranar biya akwai wata takarda da kowa yake sa hannu, mu huɗu ne a makarantar, ni da wata 'yar Filifin da wani ɗan Kamaru da wani Bature ɗan Ingila. Matar da ta kawo takardar ta saba rufe layin sauran mutane da rula, ranar sai wayarta ta yi ƙara ta ɗauke hannu, idona ya sauka a kan layin Baturen, 35,000. Nawa 20,000, 'yar Filifin 18,000, ita da ta shekara tara tana koyarwa a ƙasar. Na sa hannu na miƙa biro kamar ban ga komai ba amma kunnena har zafi yake. Shi Baturen mutumin kirki ne ba ruwansa, yaro ne ɗan shekara 24, digirinsa a harkar wasanni ne, kuma kwana biyu kafin nan shi ne ya same ni a tebur yana raɗa, wai yara sun tambaye shi bambancin wasu lokutan fi'ili guda biyu ya rasa yadda zai yi musu bayani, na zana masa a bayan takarda ya je ya kwafa a allo. Ni digirina a Turanci ne daga ABU Zariya, na ƙara da difloma ta koyarwa, na yi shekara shida ina shirya yara WAEC. Bambancin 15,000 ɗin nan kuɗin fasfo ne, in mu faɗi gaskiya da kuɗin fata, iyayen yara suna son su ga "farang" a bakin get da safe, farang shi ne sunan da suke kiran Bature, makarantar da take da shi tana iya ƙara kuɗin makaranta.

Kuma ba a ɓoye abin yake ba, a tallan aiki ma za ka ga an raba gida biyu, masu Turanci a matsayin harshen uwa da sauran mu. Majalisar malamai ta ƙasar, Kurusafa suke ce mata, tana yafe wa 'yan Ingila da Ailan da Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan jarrabawar harshe, mu kuwa sai mun kawo sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEIC aƙalla maki 600 cikin 990. Na zauna na rubuta, na haura 900, ba a ƙara min ko kwabo ba, kuma sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu a sake biya a sake zama. Ba Tailan kaɗai ba ce, Koriya ta Kudu ma da ake ba malami gida kyauta ban da albashi, bizar koyar da Turanci ta E-2 ƙasashe bakwai aka ware wa, waɗancan shidan da Afirka ta Kudu, koren fasfo ba ya ciki. Sin ce da take ɗaukar mutane da yawa da kuɗi mai kauri, sai a Yulin 2021 gwamnatinsu ta hana kamfanonin lesin na kuɗi koyar da darussan makaranta, kasuwar ta ruguje har da masu koyarwa ta intanet, wasu daga cikin waɗanda suka rasa aiki suka gangaro nan Tailan da Biyetnam, malamai suka yi yawa, kai da kake neman ƙari sai a nuna maka akwai goma a waje masu karɓar ƙasa da naka.

Amma fa duk lokacin da na fara kumbura sai in tuna malaman ƙasar su kansu, mai digiri da ya fara aikin gwamnati shekara da shekaru a kan bat 15,000 yake farawa, kwanan nan ne aka ɗan ɗaga, kuma su ne suke cike takardu har magariba, su ne suke zuwa gidajen yara, ni ƙarfe huɗu na yi na hau babur. Lebura kuwa mafi ƙarancin ladansa a wuni bai wuce bat 400 ba ko a jihohin da suka fi biya. Ina kallon Bature ina jin haushi, wata malama tana kallona tana jin irin nasa, na san da haka.

Yanzu bari mu zo kan inda kuɗin yake tafiya. Ɗakina ciki ɗaya ne da banɗaki da 'yar baranda, gado da durowa da esi, bat 4,000. Wuta da ruwa wajen 1,200 in na yi hankali, kuma nan ne wayon masu gidajen haya yake, hukumar wuta tana sayar da yunit wajen bat 4, mai gida ya sa maka mitarsa ya karɓi 7 ko 8. Wutar dai ba ta ɗaukewa, wannan kam a yaba musu, na fi wata uku ina cajin waya da sauri-sauri kafin jikina ya yarda. Abinci shi ne babba, wajen 6,000. Akwai wata shinkafa da kaza mai kurkum da Musulmin nan suke yi, kawo mok kai, kamar dafa-dukar Larabawa, faranti bat 50 zuwa 60, roti da shayi da safe bat 30 ya ishe ka, ruwan sha kuwa akwai injina a bakin titi ka jefa bat ɗaya ya ba ka lita. A nan kudu halal ba wahala, ka ga mace da hijabi a bayan tukunya ka zauna kawai, a shago irin 7-Eleven kuma ka duba tambarin halal a jikin leda. Abokina da yake can arewa maso gabas yankin Isan, ƙwai da kifin gwangwani ne abincinsa don naman alade yana cikin kusan komai har romon miya, albashinsa ya fi nawa da dubu uku amma ba zan yi musanya da shi ba.

Wani abin dariya, na zo ƙasar shinkafa 'yar Tailan ina murna zan ci ta a gidanta, ashe su ba sa cin irin tamu. Turararriyar nan da muke gani a buhu, don Afirka da wasu ƙasashe ake yin ta a loda a jirgi, su tasu fara ce mai ƙamshi mai laushi, hom mali, ka ce za ka yi jalof da ita sai ta koma tuwo. To tuwon nake yi, in kaɗa kuka. Kuka da daddawa da yaji da kilishi duk wanda zai taho sai na roƙe shi, ƙullin daddawa ɗaya nakan ja shi wata biyu.

Man babur wajen 600, na sayi tsohuwar Honda Wave bat 16,000 bayan na gaji da biyan haya, waya da data 300, wanki a injin jefa kuɗi da sabulu da aski da ɗan abin da ba a rasa ba 700. In ka haɗa ya kusa 13,000. Haraji ba a cire min don albashina bai kai ba. Saura 9,000, a takarda kenan.

A takarda nace, domin shekara a nan ba wata 12 ba ce ga malamin waje. Makarantu suna buɗewa tsakiyar Mayu, a yi ɗan hutu a Oktoba, a dawo Nuwamba, a rufe a Maris, Afrilu gaba ɗaya babu karatu. Kwantiragina na farko, na ejan ɗin nan, wata 10 yake biya, an rubuta a ciki, ni ne ban karanta da idon basira ba, idona yana kan 20,000. Ka ninka sau 10 ka raba 12 za ka ga ainihin albashina a lokacin bai kai 17,000 ba, mai gida kuma ba ya hutun Afrilu. Ba zan manta Afrilun 2023 ba, azumi ya kama tun 23 ga Maris, shi ne kuma lokacin da zafi ya fi tsanani, zafin ba irin na Sakkwato ba ne mai busar da mutum, wannan jiƙa ka yake yi, ka yi wanka kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Ina da bat 6,000 da 'yan kai a hannu, ga haya, ga Sallah tana tahowa ana jiran saƙo a gida. Nakan fita baranda in leƙa mitar wuta, in kunna esi minti 20 in ga yadda take gudu in kashe, in jiƙa tawul in shimfiɗa a kan tayil in kwanta. A waje kuwa ana bikin Sonkiran, sabuwar shekararsu daga 13 zuwa 15 ga wata, ana ta watsa wa juna ruwa a titi da bokiti, ni ina azumi ina lissafin yunit. Masallacin unguwa ne ya rufa min asiri, kullum a can nake buɗa baki, dabino da kunun shinkafa da kayan zaƙi na kwakwa, babu mai tambayarka komai. Wata rana kakar wata ɗalibata ta hango ni, washegari sai ga yarinyar da kwano jere uku a ƙofar ɗaki, "Tica, kaka tace a kawo maka." Haka suka yi ta yi har Sallah, Rayo suke ce mata. Da Inna ta kira ranar idi tace "ɗan nan muryarka kamar ka rame," nace mata layi ne ba kyau.

Bayan wannan shekarar na rabu da ejan na nemi aiki kai tsaye a wata makarantar Musulmi mai zaman kanta, shi ne 22,000 ɗin, wata 11 suke biya, Afrilu har yanzu babu amma yanzu na san da zuwansa, duk wata ina cire 1,500 in ɓoye masa.

Sai kuɗin takardu, wanda shi ma ba ya cikin kalkuletar majalisa. Tsawaita biza duk shekara bat 1,900, takardar izinin aiki 3,000, gwajin asibiti, hotuna, fotokwafi kamar za ka buɗe shago. Wasu makarantu suna biya, tawa rabi take biya. In za ka fita ƙasar ko da Maleshiya ce nan kusa sai ka sayi izinin dawowa bat 1,000, in ka manta bizarka ta mutu kenan. Duk kwana 90 sai ka sanar da ofishin shige da fice inda kake zaune, ka makara tarar 2,000, ka wuce wa'adin biza kuwa 500 ne kowace rana. Mafi muhimmanci, bizar a jikin aikin take ɗaure, ranar da makaranta ta sallame ka ranar zamanka ya ƙare sai 'yan kwanakin da za ka roƙa, shi ya sa ba ka ganin malamin waje yana ɗaga murya a kan albashi. Izinin koyarwa na wucin gadi ma shekara biyu-biyu ake bayarwa kuma ba ya wuce sau uku, bayan nan sai cikakken lasisi. Rashin lafiya kuma addu'a muke yi, inshorar da makarantata ta yi min ta haɗari ce kawai 'yar ƙarama, da zazzaɓin dengi ya kwantar da ɗan Kamarun nan karo-karo muka yi masa.

To nawa ke isa gida? Mafi yawan watanni bat 6,000, watan da na samu lesin na yamma, yara biyu 'ya'yan wani mai shagon gwal ina karɓar 300 a awa, ya kai 8,000. Ta hannun 'yan kasuwarmu masu saro kaya a kasuwar Firatunam ta Bankok nake turawa, in ba su bat a nan yaronsu ya tura naira a can. Bat 6,000 wajen naira 270,000 kenan, kuma ba zan yi butulci ba, ya ninka duk albashina na Kaduna sau shida, ya kusa ninka mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 sau huɗu, na biya Kawu, matata da yara biyu ba su nemi komai a wurin kowa ba, alhamdulillahi. Sai dai faɗuwar naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 ita ce ta kumbura lambar, ba ƙarin albashi aka yi min ba, kuma abin da ya kumbura ta shi ne ya kumbura kasuwa, buhun shinkafar da na bari dubu talatin da 'yan kai ya haura 80,000 a 2024, fetur daga ƙasa da 200 ya je ya taɓa 1,000. Lambar ta ninka, cefanen da take yi kusan yana nan yadda yake. Ga masu buƙata su kuma sun ƙaru, tunda labarin miliyan ya zaga dangi, wannan biki wannan suna wannan kuɗin makaranta, in ka ce babu a ce ka canza. Fili dai har yau ban saya ba. Gida kuma sau ɗaya na je a shekara uku, tikitin zuwa da dawowa ya haura bat 30,000, ga tsaraba, wato kusan abin da nake turawa na wata shida, ƙaramar 'yata da na bari tana rarrafe ɓuya ta yi a bayan uwarta kwana biyu kafin ta yarda in ɗauke ta.

Wani lokaci in ina tsaye a bakin get da safe yara suna wucewa suna gaishe ni, sai in tuna Baba yana ba mu labarin malamansu na sakandare, Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Filifin da 'yan Gana, lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya, su ne suke zuwa ci-rani wurinmu suna tura kuɗi gida, har aka zo korar baƙi ta 1983 zamanin Shagari 'yan Gana suka ɗaure kaya a jakar nan da har yau take ɗauke da sunansu. Baba yana kwaikwayon yadda malaminsu na lissafi yake magana muna ta dariya. Yanzu na tabbata akwai yaro a Songkila da yake kwaikwayon Turancina a gida ana dariya, ban damu ba, amma nakan yi tunanin ko shi ma malamin lissafin nan yana da mitar da yake leƙawa.

Na mayar wa ƙanina amsa, nace masa ba zan hana shi ba, amma digirinsa na kimiyyar siyasa ne, ya fara zuwa ya yi diflomar koyarwa ya shiga aji ko na shekara ɗaya ne ya ga ko zai iya tsayuwa gaban yara 40, ya tara kuɗin da zai riƙe shi wata biyu ba albashi ban da tikiti, kuma duk wanda yace masa ya shigo da bizar yawon buɗe ido "za a gyara daga baya" ya toshe lambarsa, na ga waɗanda aka yi wa haka suna ɓuya a ɗaki tara tana hawa. In an turo kwantiragi kuma ya fara duba wata nawa ake biya kafin ya duba nawa ake biya, ya tambayi wa zai biya takardu, ya nemi lambar wani baƙar fata da yake aiki a makarantar ya kira shi. Ya saurara har ƙarshe, alamar ta nuna shuɗi, sai ya rubuto, "Toh Yaya na gane, amma dai miliyan ɗin gaskiya ne ko?"

Ban ba shi amsa ba tukunna. Jibi ne zan zauna da mai makaranta kan sabon kwantiragi, zan nemi 25,000 da biyan Afrilu, 'yar Filifin ɗin da muke tare yanzu tace in na samu ko ɗaya daga ciki in gaya mata kafin ita ta shiga.